Surukata ta hana ni cin awara, wai ita ta hana ni haihuwa

Ƙanwarku ta Bolari: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah shawara nake nema, ku yi min uzuri idan na yi tsawo. Babbar Sallah mai zuwa zan cika shekara uku a ɗaki, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Al'adata tun ina budurwa ba ta da tsayayyen lokaci. Wani sa'in sai ta yi wata biyu ba ta zo ba, in ta zo kuma ta kai kwana goma. Shekaranjiya Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta shigo ta tarar na soya awara ina yanka kabeji da albasa. Ba ta ce komai ba sai da ta zauna, sannan ta kunna min wani saƙon murya da aka turo mata. Wata mata ce take rantsuwa wai waken suya yana ɗauke da sinadarin mata, yana ƙona ƙwan haihuwa, yana sa ƙari a mahaifa, wai ma don a rage mana yawa aka kawo shi. Hajiya ta ce daga yau kada ta ƙara ganin awara a gidan ɗanta. Ban musa mata ba, na juye na ba almajirai. Amma tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ni tun ina firamare a kan awara kuɗin tarata yake ƙarewa, har na yi aure da wuya rana ta fito ta faɗi ban ci ba. Da hannuna ke nan na jawo wa kaina?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Kai, Allah sarki ƙanwata. Ki fara kwantar da hankalinki tukuna. Ni ma an turo min saƙon nan har sau uku.

Mai Awarar Jekadafari: 'Yata, bari in amsa miki da abin da idona ya gani. Shekarata goma sha bakwai ina wannan sana'a. Kullum da daddare nake jiƙa kwano biyu, da asuba yara su kai niƙa, in tace, in ɗora a wuta. Idan ya tafaso in riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan har ya tsinke ya dunƙule, in kwashe a ƙyalle in ɗaure in ɗora dutse. Ba a taɓa yin ranar da ban ɗanɗana ba, don mai sayarwa dole ta ji gishiri. Abin da ya yi kwantai mu ne muke cinyewa da dare. A cikin wannan shekarun na haifi shida a kan biyun da nake da su. Manyan 'ya'yana mata uku da awara suka tashi, duk suna ɗakunansu da goyo. Dusar ma awakina nake ba wa, kuma biyu-biyu suke zubawa.

Tun da saƙon nan ya fara yawo cinikina ya ragu. Matan aure da suke aiko yara sayen ta ɗari biyu, ta ɗari uku, sun janye. Wadda ta yi maganar ba ta san gida nawa ta taɓa wa tukunya ba. Da wannan dutsen da ƙyallen nake biyan kuɗin makaranta.

Goggon Yara: Ni dai ba zan bi ku a rufe ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mu da muka tashi a Dukku ba mu san wani waken suya ba. Gero ne, dawa, waken gida, daddawar kalwa, nono da man shanu. Mace ta haifi goma tana surfenta. Yau duk gidan da ka shiga, wannan ƙari a mahaifa, waccan al'ada ta rikice, wata an yi mata aiki. Me ya canja in ba cima ba? Kuma Hajiyar yarinyar nan ba mugunta ta yi ba, jika take so. Mai Awara, ke Allah ya ba ki jiki mai ƙarfi, ba kowa ne haka ba.

Malamar Kimiyya, Kumo: Goggo, tambayarki tana kan hanya, kuma saƙon nan ba duka ne ƙarya ba. Da ƙwayar gaskiya a ciki, shi ya sa yake kama zuciya. Bari in warware yadda nake koya wa ɗalibaina.

Jikin mace yana yin wani sinadari da ake kira istrojin, mafi yawansa daga gidan ƙwai. Shi ke fito da nono lokacin balaga, shi ke gina shimfiɗar cikin mahaifa kowane wata, yana kuma riƙe ƙarfin ƙashi. Waken suya ba shi da istrojin. Abin da yake da shi wasu sinadarai ne na tsiro da ake kira aisofilabon, waɗanda ƙirarsu ta yi kama da ta istrojin. To amma kama da wane ba ta wane. Ku ɗauka kamar makullin wani ɗaki ne da ya shiga kwaɗon naki: ya shiga, ya ɗan motsa, amma bai buɗe kamar na ainihi ba. Ƙarfinsa bai kama ƙafar na jiki ba. Wuraren da istrojin ke kamawa a jiki ma iri biyu ne, kuma na waken ya fi son ɗaya, ba wanda ya fi tunzura nono da mahaifa ba. A wasu sassan ma idan ya tare gurbin, sai ya rage wa na ainihin wurin zama.

Asalin tsoron daga tumaki ya taso. A shekarun 1940 a yammacin Ostareliya aka ga tumaki sun daina ɗaukar ciki, da aka bincika sai aka gano wata ciyawa ce da suke kiwo a kai mai irin waɗannan sinadarai. Amma tunkiya ce da ke wuni tana cin abu ɗaya tun safe har yamma, wata da watanni, kuma tumbinta yana sarrafa shi daban da cikin mutum. Daga baya aka yi gwaji a kan ɓeraye da aka cire wa gidan ƙwai aka ɗura musu sinadarin tsantsa, aka ga ƙari ya girma. Hantar ɓera ba ta kawar da shi da sauri kamar tamu, sai ya taru a jininsa fiye da kima. Daga tunkiya da ɓera labarin ya biyo baki zuwa baki har ya iso wayar Hajiya.

Da aka zo kan mata 'yan Adam fa? An tattara gwaje-gwaje da yawa a 2009, abin da aka gani a mata masu al'ada shi ne tazarar da ke tsakanin al'ada da al'ada tana iya ƙaruwa da kimanin kwana ɗaya. Kwana ɗaya, Goggo. Wadda take yin ashirin da takwas ta koma ashirin da tara. Ƙwai yana fita yadda ya saba. Wannan ba shi ne wata biyun da ƙanwarmu take faɗa ba.

Uwargidan Pantami: Malama, amma ai an ce 'yan Japan da suka fi kowa cinsa yanzu ba sa haihuwa, ƙasarsu duk tsofaffi. Wannan fa?

Malamar Kimiyya, Kumo: Adda, kakanninsu ma suna cin waken, kuma a 1947 macen Japan ɗaya tana haihuwar sama da huɗu a lissafin tsaka-tsaki. Na yanzu jinkirin aure ne da tsadar rayuwa da aiki, su ne ba sa so, ba kasawa suka yi ba. Ki duba Sin, inda aka ƙirƙiro awarar tun ɗaruruwan shekaru. Sai da gwamnati ta kafa dokar ɗa ɗaya daga wajen 1980 har zuwa 2015 don ta tsayar da su, kuma duk da haka sun haura biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu. Wanda yake so ya ƙarar da al'umma ba zai zaɓi abincin Sinawa ba.

Mu nan ma ba jiya ya zo ba. Tibi na Binuwai suna noma shi tun zamanin Turawan mulki. A shekarun 1980 ne cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta dage wajen koya wa mata sarrafa shi a gida, saboda tamowa tana cin yara kuma nama ya fi ƙarfin talaka. Busasshen waken suya kusan kashi 40 cikin ɗari nasa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, ya kusa ninka waken gida.

Goggon Yara: Na ji ta Sinawa. Ƙarin mahaifar da ya cika gari fa? Ba ki amsa min ba.

Anti Nas: Goggo, bari in karɓi wannan, tunda ɗakin haihuwa nake kwana. Faibroyid, wato ƙarin mahaifar nan, ya fi kama mace baƙar fata a duk inda take a duniya. A Amurka an yi wa mata sikanin aka tarar kusan takwas cikin goma na baƙaƙe suna da shi kafin su cika hamsin, da yawansu ba su ma sani ba, kuma ba awara suke ci ba. Yana bin jini, yana bin ƙiba, yana bin wadda ta fara al'ada da wuri ko ta jima ba ta haihu ba. A zamaninku yana nan. Na'urar ganinsa ce babu. Mace ta yi ta zubar jini, cikinta ya kumbura, a ce cikin ne ya kwanta, ko a ce iska ce. Yau da kuɗi kaɗan za a ɗora mata na'ura a Bajoga ko Kaltungo a nuna mata shi ƙuru-ƙuru. Ba a kama awarar da ake ci a faranti da laifin haddasa shi ba.

Yanzu ke ƙanwata ta Bolari, da ke nake. Abin da ya fi damuna a maganarki ba awarar ba ce, wannan al'adar ce mai tsallake wata biyu tun kina budurwa. Sau da yawa hakan yana nufin ƙwai ba ya fita kowane wata. Abin da ya fi kawo shi wata lalura ce da likitoci ke kira PCOS, tana samun kusan mace ɗaya cikin goma. Wasu za ki ga gashi a haɓa, ƙuraje a fuska, wuya ya yi duhu, jiki yana ta hawa. Matsalar maƙoƙo ma tana rikita al'ada, haka yawan sinadarin da ke kawo ruwan nono. Duk da gwajin jini da sikanin ake gane su, kuma duk suna da magani. Akwai ƙwayoyin da ake bayarwa ƙwai ya fita, mata da yawa sun goya ta haka.

A ƙa'ida shekara ɗaya ake ba ma'aurata, in shiru sai a je asibiti. In mace ta haura talatin da biyar, wata shida. Ke kin yi uku. Abin da yake ƙona min rai da irin saƙon nan ke nan: mace ta bar awara ta zauna jira, bayan shekara a ce mata ai farar shinkafa ce, ta bari, a ce maggi ne. Tana nan tana cire abinci ɗaya bayan ɗaya, lokaci yana tafiya, bututun mahaifa da sanyi ya toshe yana nan a toshe. Kuma ku je ku biyu. A kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa akwai hannun namiji a matsalar, gwajinsa kuma ya fi naki sauƙi da araha. Ki je ɓangaren mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru da ke Gombe, ki tafi da lissafin ranakun al'adarki na wata shida in kina da shi.

Ƙanwarku ta Bolari: Anti, wallahi kamar kina ganina. Ina da gashin haɓar, tsigewa nake yi a ɓoye. Ban taɓa zaton yana da alaƙa ba. Maganar shi ya je gwaji ce ban san ta inda zan ɓullo ba.

Maman 'Yan Biyu: Kada ki ce masa "je ka a gwada ka". Ki ce likita ya ce ba zai duba ki ba sai da mijinki, raka ki zai yi. In kun shiga, likitan ya san yadda zai yi da shi. Haka na yi da Abban su.

Tunda an taɓo maza, nawa ma ya daina ci, wai a majalisa an ce tana kashe ƙarfin namiji tana fito masa da nono.

Malamar Kimiyya, Kumo: An haɗa gwaje-gwajen da aka yi a kan maza a 2010, aka sake a 2021, ba a ga ya rage musu sinadarin mazantaka ba. Labarin nonon daga wani dattijo ne a Amurka da yake shan kusan lita uku na madarar waken kullum. Da ya daina abin ya koma. Lita uku a rana, ko fura ce ai za ta yi wa mutum wani abu.

Gimbiyar Gyara: To ni kun ɗaure min kai. In har ba shi da ƙarfi, ya aka yi haɗina yake aiki? Waken suya, alkama, hulba, gyaɗa, riɗi, a niƙa a riƙa damawa da madara safe da dare. Amare nawa na gyara, ƙirji ya ciko, ƙugu ya fito. Masu so ku yi min magana ta gefe.

Anti Nas: 'Yar uwa, ba zan yi miki ƙarya ba don a zauna lafiya. Duk wadda ta sha kofi biyu na gyaɗa da riɗi da madara da sukari kullum za ta yi ƙiba, nono kuma yawancinsa kitse ne, dole ya bi jiki. Abinci ne ya yi aikinsa. Wannan ban da ja a kai. Inda nake da ja shi ne garin da ake sayarwa a roba ba suna ba lamba, mace ta sha sati biyu fuska ta kumbura kamar an hura. Wake ba ya yin haka. Akwai masu daka ƙwayoyin sha-ka-fashe su zuba a ciki, kuma waɗannan su ne masu rikita al'ada da gaske, su hau da jini, su tayar da ciwon suga, su sa fata ta yi ta tsagewa. Na karɓi yarinya 'yar shekara goma sha tara wata biyu da biki, fuska kamar faranti, ƙafafu sirara, cinya duk zane ja. Uwarta tana ta cewa ai garin waken suya ne kawai. Da aka kawo robar, ɗacin magani ne a harshe.

Gimbiyar Gyara: Ni dai ban taɓa sa ƙwaya a kayana ba, Allah shi ne shaida. Kada a shafa min kashin kaji.

Anti Nas: Ban ce ke ba, kuma na yarda da ke. Amma ki riƙa faɗa wa masu saye abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, kuma mai irin lalurar ƙanwarmu kada ki ba ta, don ƙarin ƙiba yana ƙara hana ƙwanta fita.

Shugabar Zaure: A yi haƙuri da juna. Talla ranar Juma'a ce kamar yadda aka saba. A ci gaba, muna ƙaruwa.

Hajiyar Tumfure: Ni ina da abin da zan ƙara, don kada a tashi da cewa babu ruwan kowa. Shekara shida ke nan aka yi min aikin maƙoƙo, tun lokacin nake shan ƙwayar lebotairoksin kowace safiya. Bara na koma kasala, sanyi yana damuna ko a watan zafi, gashi yana zuba, jiki ya yi nauyi. Aka gwada jini aka ce maganin bai isa ba, aka ƙara. Aka sake gwadawa, shiru. Sai wata likita ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata abin da nake yi daga tashi barci. Na ce ina idar da sallar asuba nake haɗiyar ƙwayar da kunun waken suya mai ɗumi, don jikata ake dama wa ni ma nake sha. Ta ce to ga ɓarawon. Waken yana riƙe maganin a hanji ya hana shi shiga jini. Ba ta hana ni sha ba. Ta ce in sha ƙwayar da ruwa zalla cikina babu komai, in jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, kunun da awara kuma in bar su sai bayan awa huɗu. Na mayar da kunun na la'asar. Wata biyu aka dawo da ni kan adadin da nake sha da.

Anti Nas: Hajiya kin taimaki mutane da yawa. Haka ƙwayar ƙarin jini da ta ƙashi suke yi wa wannan maganin, su ma a raba su. Mai lafiyayyen maƙoƙo kuma abin da za ta kula da shi gishiri ne. Waken yana iya takura maƙoƙo idan jiki ba shi da isasshen sinadarin aidin, kuma tun shekarun 1990 doka ta ce gishirin ci a Najeriya sai da aidin. Ku sayi na leda mai tambari, ku rufe shi, kada a bar shi a buɗe a rana.

Uwargidan Pantami: Don Allah a taɓa maganar sankarar mama. Yayata an cire mata nono ɗaya, tana kan maganin sankarar da ake kira tamoksifen. 'Yan dubiya kowa da dokarsa, har an hana ta awara da ƙwai da madara. Ta rame sosai, nama kuma ba kullum ake samu ba. Jiya ta ce min ita awara take sha'awa da yaji, na hana ta, ta juya fuska ta yi shiru. Abin ya tsaya min.

Malamar Kimiyya, Kumo: Allah ya ba ta lafiya, Adda. A da likitoci ma suna hanawa, saboda gwajin ɓerayen nan. Sai aka bi mata kimanin dubu biyar masu wannan cuta a birnin Shanghai na tsawon shekaru, aka fitar da sakamakon a 2009. Waɗanda suka fi cin abincin waken suya ba su fi sauran shiga haɗari ba, hasali ma mutuwa da dawowar cutar sun fi ƙaranci a cikinsu, har da masu shan tamoksifen. Daga 2012 manyan ƙungiyoyin yaƙi da sankara na Amurka suka ce abincin waken ba laifi ga wadda ta yi wannan jinya. Abincin fa, ba ƙwayoyin da aka tatse sinadarin aka cusa a kwalba ba. Waɗannan kada ta kusance su sai da izinin likitanta. Ranar da za ta koma asibiti ki tambaye shi a gabanta don ranta ya kwanta. Mai jinya da ta rame tana buƙatar abin gina jiki fiye da kowa.

Uwargidan Pantami: Ranar Talata za mu koma. Wallahi har na ji hawaye. In ya amince da kaina zan yi mata.

Hajiyar Tumfure: Mu da al'ada ta ɗauke mana fa? Zafin nan da ke taso wa mutum daga ƙirji zuwa fuska cikin dare, a jiƙe zani sharkaf. An ce waken yana taimakawa.

Anti Nas: Yana ɗan ragewa ga wasu, ba kowa ba, kuma sai an jure makonni ana ci kafin a ga bambanci. Ya danganta da ƙwayoyin halittar da ke hanjin mutum, wasu suna juya sinadarin ya ƙara ƙarfi, wasu ba sa yi. In zafin ya hana barci akwai magani a asibiti. Abu ɗaya dai: wadda ta shekara ba ta ga jini ba sannan ta gani, ko ɗigo ne, kada ta ce waken da ta ci ne ya dawo mata da ƙuruciya. Ta je a duba mahaifa a satin.

Amaryar Deba: Ni ɗana wata uku, nonona ba ya isarsa, madarar gwangwani ta fi ƙarfinmu. Maƙwabciyata ta ce in tace madarar waken in riƙa ba shi a fida. Na fara jiya.

Anti Nas: Ki tsayar yau, don girman Allah. Nan ne inda nake taka burki da ƙafa biyu. Madarar da aka tace a gida ba abincin jariri ba ce. Ba ta da abubuwan da ƙwaƙwalwarsa da ƙashinsa suke buƙata, ga haɗarin gudawa. Kuma jariri ɗan kilo biyar da ba ya cin komai sai ita, abin da zai shiga jikinsa na sinadarin nan ya ninka na babba sau da yawa. Ko ta gwangwanin da aka yi da waken musamman don jarirai, an bi wasu mata baƙaƙe a Ditiroit ta Amurka da aka shayar da ita, aka ga sun fi yawan kukan ciwon mara da zubar jini mai yawa da suka girma. Nono zalla har wata shida. Ki yawaita sa shi a nono dare da rana, tsotso ne ke kawo ruwa. Ke ki sha kunun waken, ki ci awarar. Gobe ki kai shi asibitin da kike awo a auna nauyinsa a ga yadda yake kama nonon. Bayan wata shida sai ki fara sa masa garin a kunu, wanda aka soya aka cire ɓawo.

Mai Awarar Jekadafari: A dafa shi sosai kuma. Madarar da ba ta tafasa da kyau ba ita ke kumbura ciki, za ki ji tana ƙarnin ɗanyen wake. Ni sai ta tafaso na bar ta ta ƙara mintuna kafin in sa tsami. Mai ma ina canjawa, ba na barin ya yi baƙi.

Goggon Yara: To. Na ji bayaninku, kuma na yarda ba a san na'ura ba a lokacinmu. Amma ni har yanzu ina kan cewa kullum awara, kullum soye, ba cima ba ce. A haɗa da zogale, da rama, da waken gida, da nono.

Malamar Kimiyya, Kumo: A nan ba mu da saɓani ko kaɗan, Goggo. Yanka huɗu ko biyar, ko kofi ɗaya zuwa biyu na madarar a rana, daidai yake da abin da mutanen Japan suka saba ci. Man suyar ya fi waken abin tsoro. A jefa ta a miya wani lokaci. Masu ƙarancin jini kuma su ci da tumatir ko su matsa lemun tsami, kada su kora da shayi, don shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke ciki.

Ƙanwarku ta Bolari: Assalamu alaikum. Na dawo bayan sati uku, na ga wasu suna ta tambayata ta gefe. Mun je. Dabarar Maman 'Yan Biyu na bi, ya raka ni yana ta duba agogo, amma da likita ta yi masa bayani bai musa ba, ya bayar da nasa. Nasa lafiya lau. Ni kuma abin da Anti Nas ta faɗa ne, PCOS. An nuna min a na'ura, ƙananan ƙwai jere a gefe kamar carbi, ba wanda ya girma ya fita. Maƙoƙona lafiya. An ce in rage kilo biyar zuwa shida, in bar lemon kwalba, in riƙa tafiya da yamma, an ba ni magani, wata mai zuwa za a duba bututu kafin a fara na fitar da ƙwai. Na tambayi likita maganar awara a gabansa da gangan. Ta ce in ci, sai dai in rage suya.

Hajiya ban iya faɗa mata da bakina ba. Shi ya je ya same ta da takardar. Ta yi shiru, ta ce Allah ya sa a dace, ta kuma ce a gaya min in daina tsige gashin. Ba ta janye dokarta ba, ni ma ban tayar ba. Jiya ta aiko min da zogale cikin buhu daga gidanta.

Anti Nas: Alhamdulillahi. Ki riƙe ranakun komawa, kada ki tsallake ko ɗaya. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke.

Amaryar Deba: Anti, ni ma na kai shi. An ce kamun nonon ne bai iya ba, an gyara min riƙo. Ya ƙara rabin kilo.

Mai Awarar Jekadafari: 'Yata ta Bolari, in kina so ki aiko yaro da safe kafin in soya, in yanka miki fara ki sa a miyar alayyafo. Ƙarfe bakwai nake ɗaga dutse.